Kundin lura da suri uku a gonar gado, kan hanyar Pitowa

9 ga Fabrairu, 2025

Gonar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tana arewa maso gabas da birnin Garwa na ƙasar Kamaru, a kan hanyar Pitowa, inda ake hangen dutsen Tingilin idan ƙurar hunturu ta lafa. Akwai suri uku a cikinta, kuma a kansu ne muka sami saɓani da yayana tun kakar bara. Gyaɗarsa ta yi ta bushewa a tsaye, gara kuma ta ci gindin rumbunsa, saboda haka ya yanke shawarar a fasa su duka da diga a zuba musu magani kafin ruwa ya sauka. Ni kuwa, da nake koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a cikin gari, na ce ban yarda a yanke hukunci ba a tabbatar da mai laifi ba. Da maganar ta kai gaban kawunmu, sai ya ce: "Ku bari damina ɗaya ta wuce. Kai ɗana, tunda kai ne mai karatun abin, ka zuba ido ka rubuta abin da ka gani, in kaka ta yi mu zauna." Wannan kundi shi ne cika umarnin Kawu.

Yau na zagaya su na ba kowanne suna. Surin Tsamiya shi ne babba, ja ne, ya fi ni tsawo ko da na ɗaga hannu, jikinsa kuma duk ginshiƙai ne da kwaruruka kamar an tsaga shi da gangan daga sama zuwa ƙasa. Wannan siffa ta dace da ginin babbar garan nan da muke kira zago, wadda masana ke kira Macrotermes bellicosus. Surin Tsakiya irinsa ne, sai dai bai wuce ƙuguna ba. Na ukun, Ƙaramin Suri, yana bakin ciyawa, launinsa toka-toka, tsawonsa iya gwiwa, kuma da na ɓalli gefensa na tarar da guntayen ciyawa a jibge da sojoji ƙanana masu tsinin kai. Waɗannan su ne Trinervitermes, masu yankan ciyawa, waɗanda sojojinsu ba sa cizo, feshin wani ruwa mai danƙo suke yi ta tsinin nan. Tun ranar farko ke nan na ga cewa kalmar gara ɗaya ta rufe halittu masu yawa. Nau'o'in da aka sani a duniya sun kai kusan 3,000.

8 ga Maris

Azumi ya sa nake zuwa da sassafe kawai. Na sa dagi na huda Surin Tsamiya, rami daidai shigar dunƙulen hannu, na zauna a gefe da agogo. Abin da ya fara zuwa ƙara ce, wata irin kas-kas daga cikin bango kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Sojoji ne ke buga kawunansu a ƙasa, girgizar tana bin bangon tana sanar da na ciki. Sai ga manyan sojoji masu jan kai sun cika bakin ramin, muƙamuƙansu a buɗe, suna fuskantar waje. Ɗaya ta kama ni a yatsa har jini ya fito, kuma ko da na fizge ta, kan ya zauna a jikin fatar.

A bayansu ma'aikata suka biyo, kowanne da ɗan curin jiƙaƙƙiyar ƙasa a baki. Yakan ajiye, ya danna da kai, ya juya, na bayansa ya ɗora nasa a kai. Na daɗe ina neman wanda ke tsaye yana ba da umarni, ban gan shi ba, domin babu shi. Ma'aikatan nan makafi ne, ba su taɓa ganin ginin da suke yi ba. Masanin nan ɗan Faransa, Pierre-Paul Grassé, ya bayyana yadda abin yake a 1959: aikin da aka riga aka yi shi ne ke kiran aikin da zai biyo baya, wato curin da wani ya ajiye shi ke jan na biyu ya ajiye nasa a wurin, har ginshiƙi ya tashi ya haɗu da maƙwabcinsa. Na karanta wannan shekaru da yawa, na kuma koyar da shi a aji, amma sai yau na ga yadda rami ke ƙanƙancewa daga kowane gefe lokaci ɗaya ba tare da shugaban magina ba. Kafin rana ta yi zafi sun toshe shi, sabon facin yana da duhu saboda danshi.

Danshin nan ya tsaya mini a rai. Rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba, ƙasar gona ta bushe ƙayau, amma su suna da lakar gini. Daga can ƙasa suke haƙo ta, inda laima take, shi ya sa ƙasar suri ta fi ta kewayenta yumɓu.

29 ga Maris

Zafin Garwa ya kai inda ya saba kaiwa a wannan wata, ma'auni yana haura digiri 40 da rana. Na ɗaura ma'aunin zafi a sanda na zura ta wani rami da na haƙa a gindin surin, na riƙa dubawa da asuba da azahar har kwana uku. Bangon waje ba ya taɓuwa da azahar, da asuba kuma ya yi sanyi, amma can ciki awon bai yi nisa da 30 ba ko sau ɗaya. Haka masaniyar gara Judith Korb ta samu a gandun dajin Komowe na ƙasar Kwaddibuwa, inda ta nuna cewa wannan nau'i yakan yi gini mai kwaruruka da siririn bango a fili, ya yi mai kauri kamar kifaffiyar ƙwarya a inuwar kurmi. Kwarurukan suna ƙara faɗin bangon da iska ke taɓawa, ta nan gurɓatacciyar iskar gidan ke fita sabuwa ta shiga, alhali babu ƙofa ko ɗaya a buɗe.

19 ga Afrilu

Maƙwabcinmu na yamma ya aiko mini cewa zai fasa surin gonarsa, yana son ƙasar domin daɓen ɗaki da yaɓen rumbu. Ban iya hana shi ba, gonarsa ce, kuma gaskiya ne cewa ƙasar suri ta fi kowace riƙe yaɓe. Na roƙe shi dai ya bari a yi a hankali in gani, ya amince, samari huɗu suka yini suna sara.

Saman ginin kusan babu kowa, hanyoyin iska ne kawai manya da ƙanana. Gidan sosai yana ƙasa, daidai doron ƙasa da ƙarƙashinsa, kuma da diga ta kai wurin sai wani ɗumi mai warin rumbun da ya sha damina ya taso. Ɗakuna ne birjik, a cikin kowanne akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, ruwan ƙasa, mai taushi, an yayyafa masa fararen ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar gero. Samarin suka ce kashin gara ne. Ba su yi kuskure ba, amma na ce musu su ƙara da cewa gonarta ce.

Ga yadda abin yake. Zago ba ya iya narkar da itace da kara shi kaɗai yadda ya kamata, saboda haka yake noman wata fumfuna mai suna Termitomyces. Tsofaffin ma'aikata su ne ke fita neman busasshen ganye da kara da itace su kawo gida, domin aikin waje shi ne mai haɗari, kuma asarar tsoho ta fi sauƙi ga gidan. Matasan ma'aikata su ke cin abin da aka kawo tare da fararen ƙwayoyin nan, waɗanda ke ɗauke da irin fumfunar, sannan su kasayar da shi a saman saƙar tun bai narke ba. Fumfuna ta bi shi ta ruɓar da shi cikin makonni, saƙar tana girma daga sama, tsofaffi kuma suna cinye nunannen ɓangaren daga ƙasa. Ɗumin nan na digiri 30 da danshin da ake haƙowa daga ƙasa, duk domin wannan shuka ake tanadinsu. Masu bincike sun kiyasta cewa wannan noma ya fara ne a dazuzzukan Afirka kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce, kuma nau'o'in gara sama da 300 ke yin sa a Afirka da Asiya. Na tsaya a bakin ramin ina tunanin cewa manomi ne ke rushe gonar manomi.

Wajen la'asar aka ciro wani dunƙulen laka mai tauri kamar dutse, girmansa ya kai akushi, da ƙananan huda a kewaye. Da aka tsaga shi sai ga uwar gidan. Ta fi yatsana na tsakiya tsawo da kauri, fara sol, cikinta yana motsi kamar ana hura shi, kai da ƙafafu kuma 'yan mitsi-mitsi a gaba, irin na shingen da kowa ya sani. A gefenta ga mijin, baƙi-baƙi, yana neman wurin ɓuya a ƙarƙashinta. Wannan ma bambanci ne da tururuwa da ƙudan zuma, inda namiji ke mutuwa bayan barbara. A gidan gara uban yana nan tare da uwar tsawon rayuwarsu. 'Ya'yansu ma maza da mata ne: a wannan jinsi manyan ma'aikata maza ne, ƙananan ma'aikata mata, sojoji kuma manya da ƙanana duk mata ne. Asalin gara ma ba kusa da tururuwa yake ba, 'yar uwar kyankyaso ce, kuma tun binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2007 masana suka sa su a rukuni ɗaya.

Littattafai suna kiranta sarauniya, ni kuma tun yau sunan ya daina gamsar da ni. Ba ta iya fita ta hudar ɗakinta, ba ta iya ciyar da kanta, sai ma'aikata sun ɗura mata baki da baki, suna lashe jikinta, suna kwashe ƙwai daga bayanta. Takan yi ƙwai kimanin 20,000 a rana, wato kusan ɗaya a kowace daƙiƙa huɗu, kuma tana iya kai shekara 20, alhali ma'aikaci ba ya wuce 'yan watanni. Ƙamshin jikinta yana shaida wa gidan cewa tana raye, amma ba ita ke cewa a gina nan ko a tafi can ba. Uwa ce da aka killace domin haihuwa. Maƙwabcin ya ba kajinsa ita, na kuma koma gida jikina a sanyaye.

24 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya. Tun jiya na ga sababbin huda a jikin Surin Tsamiya, sojoji na gadin bakinsu, sai na kwana a ƙauye. Bayan isha'i shinge ya tashi. Yara sun fito da fitilu da kwanonin ruwa, mata suna shara da tsintsiya, jemagu a sama, kwaɗi a ƙasa, da safe kuma kaji da tsuntsaye suka gama da ragowar. Wanda aka soya da ɗan gishiri na ci nawa rabon, domin mai ne zalla, gidan ya yi wata da watanni yana ɗura musu guzuri.

Waɗannan su kaɗai ne 'ya'yan gidan masu ido da fiffike da ikon haihuwa. Da sun sauka sai su karya fikafikansu, macen ta ɗaga bayanta tana sakin ƙamshi, namiji ya same ta ya bi ta a baya kamar an ɗaura su da zare, har su sami ƙasa mai laushi su haƙa ɗan ɗaki su rufe kansu. Cikin dubban da suka tashi, da wuya a sami 'yan ƙalilan da za su kafa gida. Na tsinci irin waɗannan ma'aurata har kwalba goma, kowace kwalba mace da namiji da jiƙaƙƙiyar ƙasar suri, na rufe da baƙin ƙyalle na ajiye a ƙarƙashin gado.

14 ga Yuni

Kwalba huɗu sun mutu cikin mako biyu, wata koriyar fumfuna ta rufe su, kuma laifina ne domin na cika musu ruwa. A cikin uku daga sauran ina ganin tarin ƙwai ta jikin gilashi, iyayen suna juya su suna lashewa.

An gama shuka. A faƙon da ke kudancin gona, irin wanda Fulani ke kira harde, inda ruwa ke gudu bai shiga ba, na sa an haƙa ramukan tassa layi shida, aka zuba taki da karmami, aka shuka dawa. Dabarar mutanen Tawa ce a Nijar, ita ce kuma zayi ta Burkina Faso wadda marigayi Yakuba Sawadogo ya shahara da ita. Takin yana kiran gara, ita kuma ta huda ƙasar daga ƙasa, ruwa ya sami hanya. Matar yayana kuma ta nuna mini abin da ban sani ba a aikace: takan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a kan hanyar gara da yamma, da safe ta zazzage wa 'yan tsakin zabinta. Ta ce, "Malam, in an kashe surin nan, da me zan yi kiwon zabi?" Na ce ta ajiye wannan magana sai ranar zaman Kawu.

20 ga Yuli

Da hantsi na ci karo da rundunar wasu manyan baƙaƙen tururuwa suna tafe a jere, suka nufi inda zago ke cin wani ruɓaɓɓen kututture a ƙarƙashin rufin laka. Suka fasa rufin, aka yi ɗan gajeren yaƙi, suka juyo kowace da gara a baki. Megaponera ce, wadda ba ta da abinci sai gara. A sahun baya na ga wasu ɗauke da 'yan uwansu, ɗaya har da sojan gara maƙale a ƙafarta. Masanin tururuwa Erik Frank ya bayyana wannan ɗabi'a a 2017, shi ma daga Komowe: sukan kai masu rauni gida a yi jinyarsu.

Abin ya tuna mini da ƙabilar Mofu ta duwatsun Mandara, yamma da Marwa, waɗanda mai bincike Christian Seignobos ya rubuta labarin zamansu da ƙwari. Idan gara ta shiga gidan mutum, sukan nemo wata tururuwa dangin kwarkwasa da suke kira jaglavak, su kawo ta cikin girmamawa su sake ta a gidan ta kori garar. Mutanen da suka rayu a kan dutse da ɗan abin da rumbu ya tara sun san cewa gara tana da maƙiyan da suka fi magani sanin hanyoyinta.

30 ga Agusta

Wannan ita ce ranar da nake jira. Gyaɗa ta fara yin yaushi tsilli-tsilli kamar bara, bayan kwana goma da aka yi ba ruwa. Na kira Yaya muka tumɓuke masu yaushin tare, muka tsaga saiwar kowace da wuƙa. Cikin saiwar a rarake yake, cike da ƙasa, ga kuma wasu gara farare ƙanana ƙwarai, ba su kai rabin ƙaramin ma'aikacin zago ba. Na ɗauko na Surin Tsamiya na ajiye su gefe da gefe a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To su waɗannan ina gidansu?" Na ce masa Microtermes ne, ba su da suri ko kaɗan, ɗakunansu ƙanana ne a warwatse a ƙarƙashin gonar, kuma da mun fasa suri uku mun zuba magani, da ko ɗaya daga cikinsu bai ji ba. Sun fi kama shukar da fari ya riga ya raunana, sun kuma fi yawa a gonar da aka share ƙal aka ƙone karanta, inda ba abin ci sai abin da aka shuka.

Ban ɓoye masa sauran gaskiyar ba. Zago ba mai tsarki ba ne: shi ya ci gindin rumbun, na bi hanyar lakar har kusa da Surin Tsakiya, kuma na ga masara biyar da ya sare daga tushe a layin da ke dab da surin. Gara mai ɓarna ce tun fil azal, Alƙur'ani ma ya ambaci dabbar ƙasa da ta ci sandar Annabi Sulaiman, alaihis salam, a cikin Suratu Saba'i, malaman tafsiri kuma suka ce gara ce. Amma rumbu ana ɗora shi a kan duwatsu, a sa azarar giginya, a riƙa kankare hanyar laka duk mako. A nawa ganin masara biyar ba ta kai a kashe gidan da ya yi shekaru yana juya ƙasar gonar ba, balle a zuba guba a inda zabi ke kiwo.

12 ga Oktoba

Dawar tassa ta yi kai a faƙon da rabonsa da shuka tun mahaifinmu na da rai. Na haƙa gefen rami ɗaya na tarar takin ya ƙare, ƙasar kuma duk huda ce har zurfin kamu biyu. Dawar da ke kewaye da gindin Surin Tsamiya, inda ruwa ke wanko ƙasarsa, ita ma ta fi ta tsakiyar gona duhun ganye da kaurin kara.

Kwalba ɗaya ce ta rage da rai. Tun watan Agusta ƙananan ma'aikata suka bayyana a cikinta, na riƙa sa musu guntayen busasshen kara, yanzu kuma akwai 'yar saƙa da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. A yawancin gara masu noma, ma'aikatan farko su ke samo irin fumfunar daga waje, daga naman kazar da ke tsirowa a kan wasu gidajen da damina. Macrotermes bellicosus ya bambanta, domin namijin ne ke ɗauko irin a cikinsa daga gidan iyayensa ranar tashi. Wannan ya dace da abin da na gani, don kuwa duk daminar nan ban ga naman kaza ko ɗaya a jikin Surin Tsamiya ba.

Mun zauna da Kawu jiya bayan la'asar. Ya saurari Yaya, ya saurari matarsa, ya sa na karanta masa abin da na rubuta ranar 30 ga Agusta. Hukuncinsa shi ne a bar Surin Tsamiya da Ƙaramin Suri, a matsar da rumbu a ɗora shi kan dutse, Surin Tsakiya kuma a ƙara masa shekara ɗaya tunda shi ne kusa da gida. Yaya ya amince, da sharaɗin ni zan riƙa kankare hanyoyin laka. Bana ba za a ƙone kara ba, za a bar shi kwance a rabin filin gyaɗa, ɗaya rabin a share kamar yadda aka saba, domin mu gwada yawan yaushin baɗi. Ranar Asabar mai zuwa zan auna filin in kafa turaku, in kuma mayar da 'yan kwalbar cikin babbar tukunya, domin wurin ya yi musu kaɗan.